Kwamfutar tebur ta wasanni: me ya kamata in duba a jikin akwatin kafin in biya kuɗi?

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan kwamfutar tebur ta wasanni, domin na kai shekara ɗaya da rabi ina tara kuɗi, kuma ba na so in zuba su a kan abin da zai gaji kafin ya cika shekara biyu a hannuna.

Guda biyu na gani a makon nan, kuma kuɗinsu bai yi nisa da juna ba. Ta farko ta wani babban kamfani ce na ƙasar waje, ta hannu ce amma jikinta fes yake, tana da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Intel Core i7-12700, da katin hoto RTX 3060 mai 12GB, da RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, 16GB sanda ɗaya, kuma ruwa ne ke sanyaya furosesar. Gaban akwatinta a rufe yake da roba mai sheƙi, da wata fitila mai sauya launi da ta ratsa shi daga sama har ƙasa, sai 'yan ƙananan kafofi ta gefe. Ta biyu kuwa wani mai shago ne zai haɗa mini ita da sababbin kaya: Ryzen 5 7600, da RTX 4060, da RAM DDR5 sanda biyu, a cikin akwati mai raga a gaba da gilashi a gefe ɗaya. Abin da ya tsaya mini a rai game da ta biyun shi ne na'urar wutar da zai saka, wato fawa sufulai, an rubuta wat 750 a jikinta amma ban taɓa jin sunan kamfanin ba, kuma da na ɗaga ta sai na ji ba ta da nauyi ko kaɗan.

Ya kamata in faɗi inda za ta zauna. Ɗakina a sama yake, rufin kwano ne da silin, babu na'urar sanyaya ɗaki sai fankar sama, kuma a watan Afrilu da rana mutum ba ya iya ɗora hannu a bangon yamma. Da hunturu kuwa, ko an rufe taga sai an share tebur sau biyu a yini. Wuta tana zuwa tana tafiya, kuma idan an ɗauke muna tada ƙaramin janareta.

Ba ƙarfin wasa nake tambaya ba, wannan na duba shi kuma duka biyun za su ishe ni. Abin da ban iya ganewa ba shi ne ingancin ƙira da haɗi: ta yaya mutum zai kalli akwati ya san an yi shi domin ya daɗe, ko kuwa an yi shi ne domin ya ɗauki ido a shago? Sunan babban kamfani ya isa ya zama tabbaci? Kuma sanyaya da ruwa ya fi dacewa da zafinmu, ko kuwa ƙarin abin lalacewa ne? Na gode, Allah Ya saka da alheri.

Mai Gyaran Kwamfuta

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Fagge. Na ji daɗin yadda ka bayyana ɗakinka, domin a wurina wannan bayanin ya fi sunan furosesar muhimmanci, kuma yawancin masu zuwa saye ba sa ambatonsa sai abu ya lalace.

Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne, fanka ba ta ƙera sanyi. Aikinta kawai ta ɗebi iskar ɗaki ta ratsa da ita ta cikin ƙarafan da suka ɗauki zafi, ta fitar da ita waje. Saboda haka zafin da furosesa za ta kai ya dogara ne ga zafin iskar da aka ba ta. Masu gwada kwamfutoci da muke kallo a intanet galibi suna yin awonsu ne a ɗakin da bai wuce digiri 21 zuwa 23 ba. Idan suka ce katin hoto ya tsaya a digiri 72 a cikin wani akwati, kai da ɗakinka yake digiri 38 da rana sai ka ƙara kimanin 15 a kai, ka ga ka haura 83, wanda a nan ne yawancin katunan Nvidia ke fara rage gudunsu domin su kare kansu. Furosesa ma haka take yi: Ryzen 5 7600 iyakarta digiri 95, i7-12700 kuwa 100. Ba za su ƙone ba, amma za ka biya kuɗin doki ka riƙa tafiyar jaki, ga ƙarar fankoki kamar injin markaɗe. Akwatin da Bature zai kira mai ɗan zafi, a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri matsala ce ta gaske.

Wannan ne ya sa nake jin tsoron gaban da aka rufe da roba ko gilashi. Kamfanonin da kansu sun gane haka. Fractal Design ta fitar da Meshify C mai raga a gaba a 2017, Corsair ta fitar da 4000D Airflow a 2020, kuma NZXT, wadda akwatinta H510 ya yi suna da rufaffen gaba, ta dawo a 2021 ta fitar da H510 Flow mai huda-huda. Idan ka koma shagon, ka sa a kunna ta farkon, ka ɗora tafin hannunka a bayan akwatin inda fankar fitarwa take. Sannan ka sa a cire murfin gefe, a bar wasa yana gudana minti goma, ka duba ko zafin ya sauka sosai. In ya sauka da digiri takwas ko goma, to akwatin yana shaƙe kayan da ke cikinsa ne, kuma babu fitilar da za ta gyara wannan. Ka lura kuma cewa i7-12700, duk da an rubuta mata wat 65, tana iya jan har wat 180 idan aka matsa mata, kuma ƙaramin lagireto mai fanka ɗaya ta milimita 120, irin wanda aka fi sakawa a waɗannan kwamfutocin, da ƙyar yake ɗaukar wannan ko a ƙasar sanyi.

Game da ruwa kuwa, ra'ayina a fili yake: ga furosesa irin Ryzen 5 7600 ba ka bukatarsa. Na'urar ruwa tana da famfo, famfo kuwa yana mutuwa, ruwan cikinta kuma yana raguwa a hankali ta jikin bututun tsawon shekaru, kuma a kwamfutar hannu ba ka san shekara nawa ya riga ya yi yana juyawa ba. Ƙarfen sanyaya mai tsayi, mai bututun tagulla huɗu ko shida da fanka ɗaya, abin da zai iya lalacewa a jikinsa fankar ce kawai, ita kuwa ana samunta a kowace kasuwar kwamfuta.

Sai ƙura. A watan Fabrairun bara wani matashi ya kawo mini tasa, yana cewa tana mutuwa da kanta in ya yi rabin awa yana wasa. Da na cire murfin gaba, sai na tarar ragar tacewar ta zama kamar bargo, ƙura ja ta haɗu da zaren kafet ta yi kauri har na ɓanɓaro ta da yatsa ɗungurungum kamar fatar ganga. Tsakanin siraran ƙarafan katin hoton kuwa babu inda haske ke ratsawa. Ashe a ƙasa yake ajiye ta, a kan kafet, kusa da ƙofa, kuma ragar tasa ba ta fita sai an kwance noti shida, shi ya sa bai taɓa wanke ta ba. Ka ga a nan laifin ƙira ne da laifin ajiya suka haɗu. Akwati mai kyau ragarsa ta gaba da ta ƙasa suna zarewa da hannu cikin daƙiƙa kaɗan, wasu ma maganaɗisu ne ke riƙe da su. Ka tabbatar fankokin da ke shigo da iska sun fi masu fitarwa yawa, misali uku a gaba, ɗaya a baya, domin iskar da ta taru a ciki ta riƙa fita ta ƙananan kafofi maimakon ta riƙa zuƙo ƙura ta inda babu raga. In akwatin yana ɗaukar fanka mai milimita 140, ita ta fi, tana tura iska mai yawa ba tare da ta yi gudu da ƙara ba. Ka ɗora kwamfutar a kan tebur ko benci, kada ka bar ta a ƙasa. In za ka hure ta, ka riƙe fankokin da yatsa kada iska ta juya su fiye da ƙima, kuma kada ka kai ta wurin mai faci ya busa mata iskar taya, domin iskar tankinsa tana zuwa da danshi da mai.

Ƙarfen akwatin ma ka taɓa shi. Masu araha sukan yi amfani da ƙarfe mai kaurin rabin milimita ko ƙasa da haka, in ka danna murfin gefe da babban yatsa sai ya lotsa ya yi ƙara, gefunansa na ciki kuma suna yanka hannu da waya. Masu kyau sukan kai 0.7 zuwa 0.8, an naɗe bakinsu, ramukan notinsu kuma ba sa sulɓewa bayan an kwance sau biyu.

Abu na ƙarshe, wanda a wurina shi ne ya fi nauyi game da ta kamfanin. Tun 1995 Intel ta fitar da ma'aunin ATX, wanda ya tsara girman madabod, wato babban allon da ake jona sauran kayan a jikinsa, da wurin ramukansa da irin wayar wutar da ke shiga cikinsa. Cikakken ATX milimita 305 ne a 244, microATX kuwa 244 a 244. Albarkacin wannan ma'aunin ne za ka iya sayen madabod na wani kamfani, akwati na wani, na'urar wuta ta wani, su zauna lafiya. To, wasu manyan kamfanoni ba sa bin sa. Kwamfutocin Alienware Aurora na Dell, misali, an daɗe da sanin cewa madabod ɗinsu da na'urar wutarsu galibi ƙirar gida ce, wato ta kamfanin shi kaɗai, kuma a samfurin R11 da R12 na'urar wutar a kan wani hannu mai lilo take, tana rufe saman furosesa, har babu wurin saka dogon ƙarfen sanyaya. A ƙasar da kamfani ke da ofishi yana aiko da kayan gyara, wannan da sauƙi. A nan kuwa, in madabod irin wannan ya mutu, sai ka jira a nemo maka na hannu daga Ikeja ko daga waje, ko kuma ka cire furosesa da kati da RAM ka jefar da sauran. Ka leƙa cikin wadda ka gani: in wayar da ke shiga madabod ɗin faffaɗa ce mai ƙafa 24, alama ce mai kyau; in ƙarama ce mai ƙafa shida ko takwas ko goma, kuma kafofin USB na gaba a jikin allon suke kai tsaye, ka san ƙirar gida ce.

Injiniyan Lantarki

Sannu da ƙoƙari, Malam Mai Gyara, ban ga abin da zan cire a bayaninka ba. Ni zan tsaya ne a kan abin da ya tsaya wa mai tambaya a rai, domin hannunsa ya gaya masa gaskiya a lokacin da ya ɗaga wannan na'urar wutar ya ji ta sakayau.

Ɗan'uwa, kada ka karɓi wannan fawa sufulai ɗin ko kyauta aka ba ka. Nauyin na'urar wuta yana zuwa ne daga taransifoma da ƙarafan sanyaya da manyan kafasitoci, kuma duk da nauyi shi kaɗai ba hujja ba ne, rashinsa a na'urar da ke iƙirarin wat 750 abin zargi ne. Ka juya ta ka karanta takardar da ke manne a gefenta, ka nemi layin 12V, domin daga nan furosesa da katin hoto suke sha. Ka ninka bolt 12 da adadin amfiyan da aka rubuta a ƙarƙashinsa. A na'ura ta gari amsar za ta kusanci adadin da ke jikin kwali. A ta bogi kuwa sai ka ga 750 a kwali, amma layin 12V bai wuce wat 400 ba, sauran an cike shi da layukan da kwamfutar zamani ba ta amfani da su sosai.

Kuma ba ka ma bukatar 750. RTX 4060 wat 115 yake ja, Ryzen 5 7600 ba ta wuce 88, in ka haɗa da madabod da RAM da SSD, wato ma'ajiyar fayiloli, da fankoki da wuya ka kai 300. Nvidia da kanta wat 550 ta ba da shawara ga wannan katin. Saboda haka 550 ko 650 ta kamfanin da aka sani, irin su Seasonic ko Corsair ko be quiet!, ta fi 750 da ba a san asalinta ba nesa ba kusa ba. Araha ba ta ado, musamman a wannan ɓangaren, domin duk sauran kayan in sun mutu su kaɗai suke mutuwa, ita kuwa tana iya tafiya da madabod da kati a dare ɗaya.

Tambarin 80 PLUS da za ka gani, ka fahimci abin da yake nufi da abin da ba ya nufi. Awo ne na yawan wutar da ke isa ga kwamfuta maimakon ta zama zafi. A gwajin bolt 115, Bronze yana nufin kashi 85 cikin 100 a rabin lodi, Gold kuwa kashi 90. Wannan yana da amfani gare mu ta fuska biyu, zafi ya ragu kuma man janareta ko batirin inbata ya ƙara daɗewa, amma tambarin bai ce komai ba a kan ingancin kafasita ko kariyar da ke ciki, kuma akwai masu buga shi a kwali ba tare da an gwada kayansu ba. Abin da nake dubawa shi ne tsawon garanti, domin kamfanin da ya ba da shekara bakwai ko goma ya yarda da abin da ya saka a ciki, sai kuma ko kafasitocin na digiri 105 ne ko na 85. Akwai ƙa'ida da masu lantarki suka sani, cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba rayuwar irin wannan kafasitar biyu. Ka auna wannan da ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu.

Sai wutar gidan kanta. Wutarmu bolt 230 ce a ƙa'ida, kuma na'urorin wuta na zamani masu kyau suna karɓar daga 100 zuwa 240 ba tare da an taɓa komai ba, wanda ke taimakawa sosai idan wuta ta yi ƙasa. In ka ga wadda ke da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230, tsohuwar ƙira ce, kuma in kwamfutar daga Amurka ta zo aka manta makunnin a 115, jona ta sau ɗaya ya isa ya lalata ta. Abin da ke kashe kaya shi ne dawowar wuta da ƙarfi da kuma hawa da saukar ƙaramin janareta idan firji ko famfon ruwa ya tashi. Ka ware kuɗin UPS, wato na'ura mai batiri da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, a cikin lissafinka tun yanzu, kada ka mai da shi abin da za a saya daga baya. Ka nemi mai fitar da tsaftatacciyar igiyar wuta irin ta layi, domin masu arahar da ke fitar da wuta mai matakala wani lokaci ba sa jituwa da na'urorin wuta na zamani, sai kwamfutar ta mutu a daidai lokacin da UPS ɗin ya karɓa. Ka kuma duba adadin wat ɗinsa, ba VA kawai ba, domin mai 1000VA sau da yawa wat 600 yake ɗauka. Ka sa mai gyaran wuta ya duba ko soket ɗin ɗakinka yana da wayar ƙasa ta gaske. In kana jin ɗan ja a hannu idan ka taɓa akwatin kana tsaye ba takalmi, to babu ita, kuma na'urar kare kaya daga tashin wuta ba ta da inda za ta zubar da abin da ta tare.

Gargaɗi biyu ga duk mai karanta wannan. Wayoyin da ake cirewa a jikin na'urar wuta ba a musanya su tsakanin kamfani da kamfani, wani lokaci ma tsakanin samfuri biyu na kamfani ɗaya, ko da bakinsu ya shiga daidai, domin jerin wayoyin ta ɓangaren na'urar ba ɗaya ba ne, kuma bolt 12 zai iya faɗawa inda ake jiran 5. Na biyu, ga masu manyan katuna: a ƙarshen 2022 an sami rahotannin narkewar mahaɗin wuta na 12VHPWR a katin RTX 4090 mai jan wat 450, kuma binciken Nvidia ya danganta yawancinsu da rashin tura mahaɗin har ƙarshe, abin da ya sa daga baya aka gyara ƙirar zuwa 12V-2x6. Akwati yana da hannu a nan, domin in ya yi ƙunci murfin gefe yana danne wayar ya lanƙwasa ta a bakin mahaɗin. Wannan bai shafi yawancin katunan 4060 ba, su tsohon mahaɗi mai ƙafa takwas suke amfani da shi.

Maman Biyu

Assalamu alaikum. Na amfana da bayanan malaman nan biyu, amma ina so in ɗan ja da baya a kan wani abu, kada mai tambaya ya tafi da tunanin cewa duk abin da kamfani ya haɗa abin gudu ne, duk abin da aka haɗa a shago kuma zinariya ne.

Ni aikin zanen gine-gine nake yi, yarana kuma suna wasa a kan kwamfutar da yamma, kuma ta kamfani ce na saya sabuwa shekara uku da suka wuce. Na zaɓe ta ne bayan wadda aka fara haɗa mini a wani shago ta ba ni wahala na wata huɗu. Kayan cikinta duk masu kyau ne, amma wanda ya haɗa ya bar ledar da ke manne a ƙasan ƙarfen sanyaya bai ɓare ta ba, ya juya fankokin gaba biyu suna fitar da iska maimakon shigo da ita, ya kuma tara wayoyi a gaban katin hoto kamar saƙar gizo. Sai da wani ya kwance ta gaba ɗaya aka gano. Saboda haka ingancin haɗi ya dogara ga hannun da ya yi aikin, kuma a shago babu wanda ke duba aikin bayan mai haɗawa.

Ba kuma duk kamfanoni ne ke yin ƙirar gida ba. Jerin HP Omen 30L da 45L da kuma Lenovo Legion Tower sun fi kusa da ma'aunin da kowa ke bi, kuma a Omen 45L ta 2022 an ware wa lagireton ruwan ɗaki nasa a saman akwatin, domin ya sha iskar waje maimakon wadda katin hoto ya riga ya ɗumama. Wannan tunani ne mai kyau. Haka nan sayen kaya ɗaiɗai ba ya hana kuskuren ƙira: akwatin NZXT H1 an janye shi daga kasuwa a Amurka a farkon 2021, saboda notin da ke riƙe da mahaɗin katin hoto yana iya taɓa layin wuta ya haddasa gobara. Abin da na koya shi ne a duba samfurin da ke gabanka, kada a yanke hukunci da suna, ko na yabo ko na suka.

Abu ɗaya da ba a ambata ba shi ne RAM sanda ɗaya da ke cikin ta farkon. Furosesa tana da hanyoyi biyu zuwa RAM, sanda ɗaya kuwa hanya ɗaya yake buɗewa, kuma ana jin bambancin a wasanni da yawa. Wannan gyaransa mai sauƙi ne in akwai ramin da babu komai, amma alama ce ta inda aka rage kuɗi a wurin da mai saye ba ya gani.

Ɗana, in ka ɗauki mai gilashi, kada ka taɓa ajiye gilashin a kan tayil idan ka cire shi, ka shimfiɗa tawul ko ka ɗora shi a kan katifa. Irin wannan gilashin gefensa ne rauninsa, da zarar kusurwarsa ta taɓa tayil sai ya tarwatse ya zama tsakuwa. Kuma ranar da za ka ɗauko ta daga shago a adaidaita sahu ko a bayan mota, ka sa a cire katin hoton a saka shi a kwalinsa, ko aƙalla a kwantar da akwatin madabod yana ƙasa, domin ramin hanya ɗaya yana iya tsaga wurin da katin ke zama.

Ɗan Fagge

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya, Malam Mai Gyara, Injiniya, da Hajiya. Na koma shagunan biyu yau da safe. Ta kamfanin, da aka buɗe, wayar da ke shiga madabod ɗin ƙarama ce mai ƙafa takwas, kuma da aka cire murfin gefe zafin katin ya sauka daga 84 zuwa 73, alhali ma da safe ne. Na haƙura da ita, ko da yake har yanzu ita ta fi kyau a ido. Mai ɗaya shagon ya yarda ya canza na'urar wutar zuwa wat 650 ta sanannen kamfani in na yi ciko, kuma na ga ragar gaban akwatin tana zarewa da hannu. Amma maganar Hajiya ta sa ni tunani. Ta yaya zan tabbatar an haɗa ta daidai, tunda ni ban taɓa haɗawa ba? Kuma fankar da ke zuwa a kwalin Ryzen ɗin za ta isa, ko in saya wata?

Mai Gyaran Kwamfuta

Hajiya ta yi gaskiya, kuma ledar da ta ambata ni ma na sha cire irinta. Maganin abin shi ne ka zauna a wurin a haɗa a gabanka, aikin bai wuce awa biyu ba, kuma mai shagon kirki ba zai ƙi ba. Ka ga an buɗe kowane kwali a idonka, ka karɓi kwalayen da rasit mai ɗauke da lambar kowane kaya, har da ragowar wayoyin na'urar wutar.

Yayin haɗawa, ka duba an ɗaura 'yan ginshiƙan tagullar da madabod ke zama a kansu daidai da ramukansa, babu ƙari babu ragi, domin ɗaya da ya zauna inda babu rami yana iya taɓa bayan allon. A madabod mai ramin RAM huɗu, sanduna biyun galibi a rami na biyu da na huɗu suke zama in ka ƙirga daga furosesa, littafin allon zai tabbatar maka, kuma ka sa a kunna zaɓin EXPO a cikin BIOS, wato shafin saitin madabod, domin RAM ɗin ya yi gudun da aka rubuta masa. Alkiblar fanka kuwa, iska tana fita ne ta fuskar da ke da sandunan da suka riƙe motar, kuma ɗan yankin takarda a gaban ragar zai nuna maka: in ya manne, iska tana shiga. Wayar talabijin ɗinka ko allon kallonka a jikin katin hoto za a jona ta, ba a jikin madabod ba.

Fankar cikin kwalin, wato Wraith Stealth, tana aiki, amma ƙarama ce, kuma a ɗakinka za ta riƙa kai furosesar kusa da 95 tana ƙara. Ka sayi ƙarfen sanyaya mai tsayi mai fanka ta milimita 120, ka dai tambayi iyakar tsayin da akwatin ke ɗauka, domin yawancinsu suna kai milimita 150 zuwa 160. Kafin ka biya sauran kuɗin, a rufe murfin, a kunna HWiNFO, wato manhajar da ke nuna zafin kayan ciki, a bar wasa mai nauyi yana gudana minti talatin da rana tsaka, ba da safe ba. In katin ya tsaya ƙasa da 80, furosesar kuma ba ta wuce 85 ba, babu mutuwa babu ƙarar karkarwa, ka ɗauki hoton allon da wayarka ka ajiye. Bayan hunturu ka sake yin gwajin a ɗakinka ka kwatanta da hoton, bambancin da ka gani shi zai gaya maka ko lokacin wanke raga ya yi.